Waya ko laftof zan saya wa mai shirin JAMB?

Maman_Hanifa
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Babbar 'yata tana aji uku na babbar sakandare, bana za ta zana JAMB in Allah ya yarda. Kimiyya take yi, burinta aikin jinya ko haɗa magunguna. Adashina ya fito, na ware naira dubu 150 don in saya mata abin da zai taimake ta. Damuwata ita ce tunda take ba ta taɓa zama gaban kwamfuta na minti goma ba. Makarantarsu akwai ɗakin kwamfuta amma kullum a kulle, darasin a allo ake yi musu da alli, a zana kwamfutar su kwafa a littafi. Ita waya take so, ta ce malaman lesin a WhatsApp suke turo wa ƙawayenta tambayoyi. Ƙanina ya ce in nemi laftof ta hannu tunda jarrabawar a kwamfuta ake yin ta. Babansu kuma ya ce shi dai ba ya son budurwa da babbar waya a gidansa. Kaina ya kulle. Waɗanda suka bi ta wannan hanyar, yaya kuka yi?

Zee_Zariya
Wa alaikumus salam Mama. Allah ya ba ta sa'a. Ni sau biyu na zana. Na farko 178 na ci, kuma wallahi na yi karatu. Abin da ya kayar da ni tsoro ne. Ina shiga na ga layin kwamfutoci, agogo yana ta raguwa a saman sikirin, hannuna ya hau rawa. Na fi minti goma a tambayar farko ina tsoron in danna wani abu komai ya goge. Shekara ta biyu Yayana ya kai ni wata cibiya a unguwarmu, na riƙa zuwa Asabar da Lahadi wajen wata biyu ina gwaji, na ci 241. Ban taɓa mallakar laftof ba sai da na shiga aji biyu a jami'a.

Auta_Gwale
Laftof kawai Anti. Waya hanyar lalacewa ce.

Sadiq_CBT
Mama bari in ɗan rage miki fargaba, don ina aiki a cibiyar jarrabawa, duk shekara ina ganin yaran nan da idona.

JAMB ba ta buƙatar yaro ya iya kwamfuta. Tun 2015 da aka koma yin ta gaba ɗaya a kwamfuta an san akwai yaran ƙauye da ba su taɓa gani ba, shi ya sa aka tsara ta yadda ko linzamin ba sai an taɓa ba. Madannai kaɗan ne. A, B, C, D na zaɓen amsa. N ya kai ki tambaya ta gaba, P ya dawo da ke baya. S na miƙa jarrabawa, kuma ko an danna shi sai ta tambaya ko an tabbata, in kuskure ne a danna R a koma. Shi ke nan. Yaro mai nutsuwa zama uku ya ishe shi ya saba.

Inda ake faɗuwa shi ne lokaci. Tambaya 180 ce, Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne, a cikin awa biyu. In kika raba, daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya. Yaron da ya saba zama a tabarma yana juya tambaya ɗaya minti biyar, ranar sai ya ga lokaci ya ƙare yana da Kemistiri guda bai buɗe ba. Na sha ganin yara suna kuka a bakin ƙofa saboda haka.

Kuma kar ki bari ta tsallake jarrabawar gwaji da JAMB ke yi kafin ta gaske. Ba dole ba ce, wajen rajista ake zaɓa, amma ita ce ta fi komai kama da ranar.

Maman_Hanifa
Sadiq Allah ya yi maka albarka. Wallahi na zaci rubutu ake yi da kibod ɗin kamar masu buga takardu a bakin kotu.

Injiniya_Bash
Na yarda da Sadiq a kan jarrabawar kanta, amma mu duba gaba da ita. Yarinyar nan in ta samu gurbi, aji ɗaya za a fara ce mata ta buga aiki ta kawo, ta yi rajistar kwasa-kwasai a intanet, wasu jarrabawoyin ma na jami'a a kwamfuta ake yi. WAEC ma ta fara yin ta kwamfuta ga masu zana ta waje tun farkon 2024. Ko ba yau ba sai ta koya.

In laftof za ki saya, kar ki je ke kaɗai, ki tafi da wanda ya sani. Irin na ofis ɗin nan da ake kawowa daga waje, HP EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad, sun fi masu ƙyalli ƙwari, kuma kayan gyaransu na samuwa. A nemi mai RAM 8 (RAM shi ne ma'adanar da na'ura ke aiki da ita, yawansa ke ƙara mata sauri) in hali ya yi, in bai yi ba 4 ma za ta ɗauki manhajar gwaji. A tabbata sabon nau'in ma'ajiyar bayanai da ake kira SSD ne a ciki, ba tsohon faifan nan mai juyawa ba, don shi ke sa kwamfuta ta yi ta nawa kamar an ɗaure ta. Babban abin dubawa batir. Ki ce a cire caja a bar ta a kunne kuna zaune, ki ga yadda take sha. A danna kowane harafi a gani. A duba maƙalar murfin ko ta tsage.

Wani abu kuma, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa ɗaukar Windows 11 a ƙa'ida. Ga mai gwajin tambayoyi ba tare da intanet ba wannan ba ya hana komai, amma ki sani kafin a ce miki sabuwa ce fil. Chromebook kuma, laftof mai tsarin Google maimakon Windows, ki guje ta ko an karya miki kuɗi, manhajojin gwajin da ake sakawa a shaguna yawanci na Windows ne.

Dan_Kasuwar_Waya
Injiniya duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ka manta da abu ɗaya: wuta. Hajiya unguwarku awa nawa kuke samu? Laftof ta hannu in batirinta ya riƙe awa biyu an gode Allah. Waya kuwa cajin naira ɗari ko biyu a shagon mai janareto ya kai ta gobe, fawa bank ɗaya ya ƙara mata kwana. Da kuɗin da kika ambata za ki samu sabuwar Tecno ko Itel ko Infinix a kwalinta da garanti, har ki rage na data. Ba don ina sayarwa nake faɗa ba. Ki dai guji masu RAM 2, in an cika su da manhajoji sai su riƙa sandarewa.

Maman_Hanifa
Wuta kam sai dai addu'a. Wani lokaci kwana biyu ba mu gan ta ba, in ta zo ma tsakar dare. Muna da ƙaramar sola ta fitila da cajin waya, ba za ta ɗauki laftof ba.

Hajiya_Ladi
Maman Hanifa ki saurari maganar maigidanki. Ni abin ya faru a gidana. Ɗan wajena na saya wa waya da sunan karatu yana aji biyar. Wata uku na farko kullum in na leƙa ɗaki sai in ga ana lissafi a bidiyo, ina ta murna. Ashe da ya ji motsina yake sauyawa. Ƙarfe biyu na dare yana kallon bidiyon barkwanci da ƙwallo, da asuba a yi ta fama da shi ya tashi salla, hadda ta zube, malamin Islamiyya har gida ya biyo shi. Sakamakon zango na uku da ya zo sai da na zauna na yi kuka. Namiji ke nan. Mace kuwa ga samarin da za su samu lambarta. Ban ce 'yarki haka take ba, Allah ya shirya mana su duka, amma abin nan an ƙera shi ne don ya riƙe mutum, manya ma bai bar mu ba balle yara.

Ummu_Khalil
Hajiya Allah ya shirya shi, amin. Abin da kika faɗa ba ƙarya. Sai dai akwai tsaka-tsaki, ni shi na bi da tagwayena bara.

Wayar tawa ce, ba tasu ba, haka na gaya musu tun ranar farko. A ɗakina take kwana. Bayan la'asar in sun dawo Islamiyya su karɓa, a falo ake amfani da ita inda kowa ke wucewa, ƙarfe tara su dawo min da ita. Sannan ƙanwata ta saka min Family Link, manhajar Google ce kyauta. Daga ɗaya wayar tawa nake ganin awa nawa aka yi a kowace manhaja, ba a iya sauke sabuwa sai na amince, kuma in lokacin barci ya yi wayar ta kulle kanta. Yaran da suka girma da saninsu ake sakawa, ba a ɓoye ba, don haka sai da muka zauna muka yi magana. Sun ɓata rai kwana biyu, daga baya suka saba.

Ki kai wa Babansu maganar a haka. Ba wayar budurwa za a saya ba, wayar gida ce ta karatu a hannun uwa.

Abban_Sultan
Ni uba ne, ina da 'yan mata uku, na fahimci maigidan nan sarai. Mu iyaye maza ba karatun muke ƙi ba, abin da ba ma gani muke tsoro. In aka ce min wayar a hannun uwarsu take kwana, kuma layin da sunan uwar, zan yarda. Amma Ummu Khalil ki sani yaran yanzu sun fi mu sanin kan abin nan. Wanda zai ɓoye zai ɓoye, ko da wayar ƙawarsa ce a makaranta.

Nura_Funtuwa
Tsaya Alhaji, maganar layi da ka taɓo tana da muhimmanci, kar a wuce ta.

Maman Hanifa, ko waya kika saya ko laftof ko ba ki sayi komai ba, yarinyar nan tana buƙatar lambar NIN tata da layi guda da za a keɓe mata. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN. Ana rubuta NIN, a bar tazara, a sa lambobi 11 ɗin, a tura zuwa 55019 ko 66019, sai a turo lambar da za a sayi fom da ita. Layin da aka tura da shi ya zama nata a wajen JAMB. Da shi za a duba sakamako, ta nan saƙonni za su riƙa zuwa har maganar gurbi. Kar a yi amfani da layin mai shago, kar a yi da layin da wani yaro ya taɓa rajista da shi, kuma kar a jefa shi a durowa a manta har kamfani ya sayar wa wani. Ɗan maƙwabcinmu da layin wani mai kafe aka yi masa, mutumin ya tashi daga garin, sai da suka yi wata guda suna sintiri.

Ki duba sunanta da ranar haihuwarta a NIN tun yanzu, su yi daidai da na makaranta harafi da harafi. Gyara yana cin lokaci, in aka bari sai an buɗe rajista layin da za ki tarar a ofishin sai ya ba ki tsoro.

Maman_Hanifa
Innalillahi, Nura ka tuna min. A NIN ɗinta Aishatu aka rubuta, a makaranta Aisha. Gobe zan sa a duba wanne aka tura wa WAEC.

MalamAuwal_Fiziks
Na karanta duk abin da aka rubuta. Shekarata 19 ina koyar da Fiziks, ina kuma yin lesin na JAMB da yamma. Ku yi min haƙuri zan ɗan tsawaita.

Muna ta maganar na'ura, ba wanda ya tambaya ko yarinyar ta gama manhajar karatunta. JAMB tana da jerin batutuwan da take tambaya a kowane darasi, yana shafinta kyauta, ana iya bugawa a takarda a manna a bango. Da yawan ɗalibaina ba su taɓa ganinsa ba sai na kawo musu. Yaro zai yi wata uku yana danna tambayoyin baya a waya, ya haddace cewa amsar wannan C ce, a sauya masa lamba ɗaya ya rikice. Fiziks da Kemistiri da biro da takarda ake koyonsu. Na'ura tana gwada abin da ka sani ne, kuma tana koya maka sauri. Wannan amfanin nata babba ne, amma sai akwai abin gwadawar.

Na biyu, manhajojin tambayoyin baya ba duka ke da amsa daidai ba. Akwai wadda ɗalibaina suka saka bara, a batun wutar lantarki kaɗai na tsinci amsoshi huɗu na kuskure. Mutane ne suka kwafa suka zuba, wani lokaci ba malamai ba ne ma. In amsar manhaja ta saɓa da littafi, a kawo wa malami.

Na uku, manhajojin nan masu amsa tambaya da ake kira AI, waɗanda yanzu har cikin WhatsApp akwai su. Ban hana ɗalibaina ba, ni ma ina amfani da su. In ka ce ta yi maka bayanin dokar Ohm da sauƙin Turanci, ko ta ba ka misali biyar ka gwada, tana yi da kyau, kuma ba ta gajiya da maimaitawa, abin da mu malamai wani lokaci muke gazawa. Amma wata ɗalibata ta ɗauki hoton tambaya ta tura wa ɗaya daga cikinsu, a tambayar akwai 10 mai ƙaramin -3 a samanta, manhajar ba ta ga alamar ragin ba, ta yi lissafi tsaf layi bayan layi ta kawo amsar da ta ninka ta gaskiya sau miliyan. Yarinyar ta kwafe ta kawo min da ƙarfin gwiwa. Da ta san abin da take nema, da ta ga amsar ba ta shiga hankali ba. Ga wanda ya fara fahimta abokiyar karatu ce. Wanda bai fahimta ba kuwa sai ta ƙara nisanta shi, don ba zai sake zama ya yi gumi a kan tambaya ba.

Da kuɗin nan a hannuna suke, ga yadda zan yi. Littattafai huɗu masu kyau da na tambayoyin baya na takarda. Kuɗin lesin wajen malamin da aka sani. Kuɗin zama a cibiyar kwamfuta sau ɗaya a mako. Abin da ya rage a ajiye na fom da mota. Waya kuwa ta aro taki awa ɗaya a rana.

Zee_Zariya
Malam gaskiya ne, amma a yi wa YouTube adalci. Malamin Kemistirinmu ya bar makaranta muna aji biyar, ba a kawo wani ba har muka fita. Lissafin mol a bidiyo na koya, na mayar da shi baya ya fi sau goma har ya zauna. Wanda ke da malami irinku ba zai san abin da wannan ke nufi ba. Khan Academy ma, shafin darussan bidiyo, kyauta ce, sai dai Turancin Amurka ne, sai na kunna rubutun ƙasa nake bi.

MalamAuwal_Fiziks
Zee ban musa ba, 'yata. Inda babu malami bidiyo rahama ne. Amma ki lura da abin da kika ce, kin mayar sau goma. Na tabbata da biro a hannunki kike kallo.

Maman_Hanifa
Malam na gode ƙwarai. Wayata ƙarama ce mai madannai, ta kira ce kawai, wannan ma da ta ƙanwata nake rubutowa. Shi ya sa aro ba zai yiwu ba. In an saya, sayen farko ne a gidan.

Malama_Rabi
Ni a makarantar ƙauye nake koyarwa, tafiyar awa ɗaya daga Birnin Kudu. Abin da nake gani ya fi kayar da yaranmu Turanci ne, ba kwamfuta ba. Yaro ya san amsar in ka fassara masa tambayar da Hausa, amma a rubuce ba ya gane me ake nema. Ga Turancin shi ne mai tambaya 60, ga sauran darussan duk da shi ake tambaya. Ko me za a saya, ta riƙa karanta shafi biyu na Turanci kullum da babbar murya, ta rubuta kalmomin da ba ta sani ba. Akwai ƙamus da ake saukewa a waya ya yi aiki ba data. Littafin labarin da JAMB ke ba su ma ta karanta shi da kanta, kar ta tsaya ga taƙaitawar da ake yawo da ita a guruf.

Ga masu ƙananan yara kuma, akwai Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta buɗe da UNICEF da Microsoft a 2022. Kyauta ne, akwai darussan firamare da sakandare, wasu har da Hausa. 'Yarki da ƙannenta za su amfana in wayar ta shigo gida.

Abdu_Damagaram
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan BAC, jarrabawar kammala sakandare, a takarda ake rubuta ta, ba mu da wannan damuwa ta kwamfuta, amma tsadar intanet da rashin wuta duk ɗaya ne. Abin da muke yi, mutum ɗaya ya sauke darasi, saura su karɓa ta Xender ko katin memori, ba wanda ya sake kashe ko dala. Akwai kuma Kiwix, tana sa ka sauke Wikipedia ka ajiye a waya ka karanta ba intanet, akwai ta Faransanci, ta Turanci, har ta Hausa. Ta Turancin gaba ɗaya tana da nauyi sosai, amma an yanka ta kashi-kashi, ana iya ɗaukar na Kemistiri ko na lissafi kaɗai.

Dan_Kasuwar_Waya
Abdu ya kawo magana. Data ita ce kuɗin da ba a lissafawa ranar saye, kuma tun da hukumar sadarwa NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025 abin ya ƙara nauyi. Hajiya in kin saya, kafin ki bar shagon ki ce a yi miki abu uku. A kashe saukar hoto da bidiyo da kansu a WhatsApp, don guruf ɗin lesin ɗaya zai iya shanye datar mako da gaisuwar Juma'a. A hana Play Store sabunta manhajoji da datar layi. A rage ƙarfin hoton YouTube zuwa 360, rubutun allo yana fitowa a haka. Bidiyon da ya yarda a sauke, a sauke shi da datar dare mai araha a kalla da rana, amma ke za ki sauke, ba ita ba, kar a koma gidan jiya irin na Hajiya Ladi.

Auta_Gwale
To ai kwamfutar JAMB ɗin ma ba tabbas. Ba ga abin da ya faru a 2025 ba?

Sadiq_CBT
Ya faru, Auta. Matsalar na'ura ce ta shafi cibiyoyi a Legas da jihohin kudu maso gabas, ɗalibai kusan dubu 380 aka sake wa jarrabawa, shugaban hukumar na lokacin Farfesa Ishaq Oloyede ya fito gaban 'yan jarida ya ɗauki laifin ya ba da haƙuri. Wannan ba abin da uwa za ta iya yi a kai. Abin da yaro zai iya shi ne in kwamfutarsa ta mutu ko ta tsaya, ya ɗaga hannu nan take a sauya masa, kar ya zauna shiru yana jira. Yaranmu na da kunya, musamman mata, sai su yi minti ashirin ba su yi magana ba. Mama ki gaya mata wannan.

Tunda an zo nan, in ƙara da gargaɗi. Da zarar yaro ya shiga guruf ɗin JAMB za a fara turo masa saƙon wai akwai amsoshin ranar, ko a biya a ƙara masa maki bayan sakamako ya fito. Damfara ce zalla. Ba a shiga ɗakin da waya ko agogo ko kalkuleta, kalkuletar tana cikin kwamfutar, da yatsa ake tantance mutum a ƙofa, kuma na kusa da kai ba lallai tambayarku ta zo ɗaya ba. Wanda ya ba su lambar rajistarsa da kuɗi ya yi asara biyu.

Hajiya_Ladi
Kun ji ko. Wannan ma wata ƙofar ce da waya ke buɗewa. Ni dai ina nan a kan bakana.

Injiniya_Bash
Hajiya laftof ma in an haɗa ta da intanet duk abin da waya ke yi tana yi. Fifikonta a wajena shi ne ba a shiga da ita bargo. Amma da na ji maganar wutar unguwarsu, na sassauta. Laftof da ba caji katako ce. Sai dai Maman Hanifa, ƙanin naki da ya kawo shawarar, shi yana da ita? In yana da ita, ya riƙa kawowa ranar Lahadi ta yi awa biyu a kai, ta koyi buga rubutu da buɗe fayil. Ya fi a saya a ajiye.

Maman_Hanifa
Yana da ita ta wajen aikinsa, ban san ko an yarda ya fito da ita ba, zan tambaye shi.

Jiya da daddare na karanta wa Babansu abin da Ummu Khalil da Abban Sultan suka rubuta. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce in bari ya yi tunani zuwa Juma'a. Ya dai yarda da zuwa cibiyar, da sharaɗin ƙaninta ya riƙa raka ta. Na kuma tambayi ita yarinyar ko ta taɓa ganin jerin batutuwan da Malam Auwal ya ce, ta ce ba ta ma san akwai shi ba. Na ba da a bugo mata na darussa huɗun.

Ummu_Khalil
Alhamdulillah. In ya amince ki yi min magana ta akwati, zan sa ƙanwata ta nuna miki yadda ake saka Family Link ɗin, ba ya cin minti ashirin. Amma ki sani sai da wayar babba guda da za a haɗa da ita, ko ta Babansu ko ta ƙanwarki.

Baban_Yara_Gombe
Ku gafarce ni na shigo a makare. Nawa yaron aji huɗu yake, saura shekara biyu. Sadiq, manhajar gwajin da kuke sakawa a cibiya, akwai irinta da ke aiki a waya ba intanet, mai agogon awa biyun? Kuma Malam Auwal, mai rauni a lissafi daga ina ya kamata ya faro, daga littafin aji ɗaya ko ya bi ajinsu?

MalamAuwal_Fiziks
Alhaji ka ba shi tambaya goma a kan kashe-kashen lamba da sauya jigon ƙa'ida, na ƙaramar sakandare, ba kalkuleta, ka zauna kusa da shi. Ka turo min hoton takardar yadda take, har inda ya soke, sai in gaya maka.